Aiki a Ƙarƙashin Bill Watts: Tara, Doguwar Hanya da Kuɗin Ƙofa

Wani matashi mai sha'awar kokawar zamani ta Amurka, wadda muka fi sani da resilin, ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, ina yawan jin tsofaffin 'yan wasa suna ambaton wani mai shirya wasanni da ake kira Bill Watts. Wani ya ce azzalumi ne, wani ya ce shi ya koya masa sana'a. Yaya aiki yake a ƙarƙashin irin wannan maigida, kuma me ya zaunar da su a wurinsa in har wahalar ta kai haka?"

Ƙanena, duka biyun gaskiya suka faɗa maka, kuma sau da yawa baki ɗaya ne ke faɗin maganganun biyu. Na daɗe ina kallon tsofaffin wasannin yankin Watts, ina sauraron hirarrakin waɗanda suka yi masa aiki, kuma abin da na fahimta shi ne ba za ka gane tsananin mutumin nan ba sai ka fara sanin inda kuɗin ke fitowa.

Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa tsakiyar shekarun 1980, babu kamfani guda da ya mamaye Amurka kamar yadda WWE ta yi yau. An yanka ƙasar ne yanki-yanki. A 1948 masu shirya wasanni suka haɗu a garin Waterloo na jihar Iowa suka kafa ƙungiyar NWA, suka yi yarjejeniya kowa ya tsaya a gonarsa, kuma ɗan wasan da aka shafa wa kashin kaji a wani yanki yana iya tarar da sauran ƙofofin a rufe. Ɗan wasa ba shi da albashi, ba shi da inshorar lafiya, balle fansho ko ƙungiyar ƙwadago. Abin da zai samu a dare ya danganta da yawan mutanen da suka yanki tikiti a wannan daren, da kuma inda aka sa wasansa, a farkon jerin ko a ƙarshe. Maigida ne ya san ainihin abin da aka tara a ƙofa, shi ne kuma mai yanka wa kowa kasonsa. Man mota da ɗakin kwana da abinci duk daga aljihun ɗan wasa suke fita. In ka ji rauni ka kwanta, ranar ba ka da ko sisi. Riƙe wannan a ranka, don duk abin da zan faɗa a kansa ya ginu.

An haifi Watts a Oklahoma a 1939. Ƙaton mutum ne mai ƙatuwar murya, ya yi ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka a jami'ar Oklahoma, ya shiga resilin a farkon shekarun 1960, kuma zuwa 1965 har ya kai ga karawa da babban zakaran lokacin, Bruno Sammartino, a zauren Madison Square Garden. Ya zauna a ƙarƙashin iyayen gida masu zafi irin su Roy Shire a San Francisco da Verne Gagne a Minneapolis da Eddie Graham a Florida, a nan ya koyi tsara wasa. A 1979 ya raba gari da abokin cinikinsa Leroy McGuirk, wani tsohon zakara da ya makance, ya riƙe jihohin Louisiana da Misisipi, ya raɗa wa kamfaninsa Mid-South. A 1982 ya haɗa da Oklahoma da Arkansas, ya kuma ƙulla hulɗa da Paul Boesch mai birnin Houston.

To, wahalar farko ba daga bakin Watts take fitowa ba, daga taswira take. Ka duba girman wannan yanki. Daga New Orleans zuwa birnin Oklahoma ya haura kilomita 1,100. Daga Shreveport, inda ake ɗaukar shirin talabijin a wani ɗan zauren yara da ake kira Irish McNeil, zuwa New Orleans ya haura kilomita 500, kuma a lokacin babbar hanyar da ta ratsa tsakiyar Louisiana daga kudu zuwa arewa ba a gama ta ba, sai a shekarun 1990. Siraran tituna ne masu hannu biyu, cikin fadama da duhu. Da yawan 'yan wasa sukan kama haya a garin Alexandria saboda shi ne a tsakiya, daga nan su riƙa sammako. Litinin da dare New Orleans, Laraba ɗaukar shiri a Shreveport, Juma'a wani lokaci Houston, Lahadi kuwa wasa biyu, birnin Oklahoma da rana, Tulsa da dare. Waɗanda suka yi aikin sun sha faɗin cewa tafiyar mako guda takan haura mil 2,000, wato sama da kilomita 3,200. Ƙarti huɗu masu nauyin kilo ɗari da ɗoriya a mota ɗaya, kowa ya ba mai motar kuɗin mai gwargwadon nisan tafiya, a tashi wasa ƙarfe sha ɗaya na dare jiki duk tsami, a kama hanya, a isa gida da asuba, a ɗan runtsa, azahar ta yi a sake fita.

Hanyar nan ta ci mutane. Danny Hodge, wanda ya ci lambar azurfa a kokawa a gasar Olamfik ta 1956, mutumin da ke matse tuffa da hannu ɗaya har ta fashe, barci ne ya kwashe shi a kan sitiyari a Louisiana a 1976, mota ta faɗa ruwa, wuyansa ya karye. Da hannunsa ya tallafe kansa ya fito. Hatsarin nan ne ya kawo ƙarshen zamaninsa na cikakken ɗan wasa. Wannan tun zamanin McGuirk ne, amma hanyoyin su ne dai waɗanda Watts ya gada ya kuma ƙara musu tsawo.

A kan wannan gajiya ce Watts ya ɗora dokokinsa. Latti tara ne, kuma ba a karɓar uzurin cewa taya ta fashe ko hanya ta cushe, amsar ita ce da ka fito da wuri. Wasa da sanyin jiki, wato ka hau dandamali ka yi abin da za a ce ka yi kawai don a biya ka, shi ma yakan jawo tara ko tsawa a gaban kowa. Ba shi da buƙatar zuwa kowane gari, yana da idanu. Grizzly Smith, mahaifin Jake Roberts, shi ne wakilinsa a kan hanya, kuma rahoto yakan isa ofis kafin ɗan wasa ya isa gida. Tarar kuma daga kasonka ake zare ta, don haka mutum zai iya yin tafiyar kilomita ɗari shida, ya sha duka, ya buɗe takardar biyansa ya tarar an yanke abin da zai sayi mai da shi.

Dokar da ta fi kowace tsauri ita ce ta rufe sirrin sana'a, wadda su a tsakaninsu suke kira keifeb. Ka san resilin ba kamar kokawarmu ta gargajiya ba ce, inda wanda ya fi ƙarfi da dabara ke kayar da abokin karawarsa. A nan an riga an tsara wanda zai ci. Amma a wancan zamani ba a yarda da hakan a fili ba, sai a 1989 ne kamfanin WWF, wanda daga baya ya zama WWE, ya amsa a gaban 'yan majalisar jihar New Jersey cewa wasan tsararre ne. Kafin nan, kuɗin ƙofa ya dogara ne kacokan a kan mutane su yarda cewa jarumi da mugu, akta da bos kamar yadda muke cewa a fim, da gaske suke ƙin juna. Saboda haka a wurin Watts jarumi ba ya shiga motar mugu, ba sa cin abinci a shago ɗaya, ba sa gaisawa a gidan mai. Ko da amininka ne tun kuna yara, in aka gan ku tare, a bakin aikinku.

Ba shi kaɗai ne mai wannan doka ba. A ranar 4 ga Oktoba 1975 wani ƙaramin jirgi ya faɗi a Wilmington ta jihar North Carolina ɗauke da 'yan wasan yankin wani mai shirya wasanni, Jim Crockett. Ric Flair ya karye a gadon baya, Johnny Valentine ya gurgunce har ƙarshen rayuwarsa. A cikin jirgin akwai Tim Woods, jarumi, tare da miyagun da yake gaba da su a talabijin. Da aka kai shi asibiti sai ya ba da sunansa na yanka, ya ce shi mai shirya wasanni ne, sannan bayan kamar mako biyu ya hau dandamali da raunin a jikinsa don kawai a kashe jita-jitar cewa yana cikin jirgin. Ka ga irin duniyar da Watts ya taso a ciki. Bambancinsa da saura shi ne shi ba ya ɗaga ƙafa ko sau ɗaya.

Bari in nuna maka abin da wannan doka ta saya, da kuma abin da ta ci. A 1980 babban tauraron Watts shi ne Sylvester Ritter, baƙar fata, wanda duniya ta sani da Junkyard Dog. Aka tsara cewa gungun miyagu da ake kira Fabulous Freebirds, ƙarƙashin Michael Hayes, sun shafa masa wani man cire gashi a ido ya makance. Daga ranar Ritter ya zama makaho a ko'ina, ba a talabijin kaɗai ba. In zai fita sai da baƙin tabarau da ɗan jagora, in yana gida sai a saki labule. Ana cikin haka aka haifa masa 'ya mace, aka sanar a shirin cewa ga shi an yi masa haihuwa amma ba ya iya ganin fuskar jaririyar. Talakawan New Orleans, waɗanda yawancinsu da ƙyar suke haɗa kuɗin tikiti, suka riƙa sa 'yan daloli a ambulan suna aika masa. Hayes da kansa ya sha ba da labarin daren da wani ɗan kallo ya tsallako shinge da bindiga a hannu ya nuna shi, yana ce wa Ritter kada ya damu, shi zai gama da su. Ka yi tunanin halin da Ritter ya shiga a wannan daƙiƙa: idonsa garau yana ganin bindigar, in ya yi wuf ya kare abokin aikinsa asiri ya tonu, in ya tsaya ana iya yin kisa a gabansa. Masu gadi ne suka rufar wa mutumin. A watan Agusta na shekarar, da aka haɗa Ritter da Hayes a cikin keji, an ɗaure wuyansu da sarƙa guda don makaho ya iya lalubo abokin gabarsa, sama da mutum 25,000 suka shiga filin Superdome na New Orleans. A ranar kowa ya tafi gida da kaso mai tsoka, har da waɗanda suka buɗe wasa. Wannan shi ne cinikin da Watts ke yi da yaransa: ku miƙa mini rayuwarku ta waje, ni kuma in cika muku zaure.

Kuma miyagun su ne suka fi biyan farashin. Mutanen kudancin Louisiana ba sa wasa da abin da suka yarda da shi. Akan fasa wa mugu tayoyin mota, a jefe shi da kwalba ko batir, wani lokaci a zaro wuƙa yayin da yake ratsa taro zuwa ɗakin sauya kaya. Jim Cornette, wanda ya zo yankin yana ɗan shekara 22 a matsayin manajan miyagu, raket ɗin tanis da ya zama alamarsa ya sha zama garkuwarsa ta gaske a kan hanyar fita.

Sai dokar da aka fi yawan ambata: in faɗa ya haɗa ka da wani a mashaya ko a titi, ya kuma yi maka duka, an kore ka. Hujjar Watts a fili take. Yana sayar wa mutane cewa waɗannan su ne ƙarfafan maza a duk yankin, to in wani direban babbar mota ya kwantar da ɗayansu a gaban mutum hamsin, wa zai sake biyan kuɗi ya kalle shi? Shi ya sa ma ya fi son ɗaukar waɗanda suka yi wasannin gaske: Ernie Ladd da ya buga wa ƙungiyar zari-ruga ta San Diego Chargers, Jim Duggan da ya taɓa zama a takwararta Atlanta Falcons, Ted DiBiase daga jami'ar West Texas State, da Steve Williams wanda ya yi fice a kokawa da zari-ruga a jami'ar Oklahoma. Na fahimci lissafin, amma a nan ne na rabu da shi. Doka ce da ke gaya wa saurayi mai ƙarfi, wanda ya sha giya bayan tafiyar awa takwas, cewa abincin iyalinsa ya rataya ne a kan ya ji wa wani ciwo. Kuma labarin da abokan Williams suke bayarwa da alfahari, cewa a 1985 gwiwar hannun Brad Armstrong ta fasa masa ido aka yi masa ɗinki 108 amma a daren ya koma ya yi wasa, ni ba ya burge ni kamar yadda yake burge su. Jarumta ce, ban musa ba. Sai dai jarumta ce ta mutumin da ya san in bai hau ba, ba a biyan sa, kuma wani zai hau gurbinsa.

To me ya zaunar da su? Na farko kuɗi. Ya kamata ka raba tsanani da rowa, don ba abu ɗaya ba ne. A wancan zamani an san wasu iyayen gida da gaskiya a rabon kuɗin ƙofa, irin su Sam Muchnick a St. Louis da Don Owen a Portland da Paul Boesch a Houston. An kuma san Nick Gulas na Nashville da ƙarancin biya, har sunansa ya zama abin misali a bakin 'yan wasa. Watts yana tsakanin waɗannan, gwargwadon wanda ka tambaya. Na sama sun samu kuɗin da ba su taɓa gani ba, na ƙasa kuwa, bayan an cire mai da masauki da tara, da yawa kan tarar da aljihu wayam. Amma zaurensa yana cika, kuma kaso kaɗan daga zaure cikakke ya fi kaso mai yawa daga zauren da kujeru ke kallon juna.

Na biyu, kuma a ganina shi ne babba, ilimi. Watts ba ya tsawa ya wuce. Yakan zaunar da mutum ya ce masa me ya sa ka yi wannan kamu a minti na uku, me kake so ɗan kallo ya ji, ina dalilin da zai sa ya dawo mako mai zuwa? Duk abin da ya faru a shirinsa sai yana da sanadi, kuma sai an biya bashinsa daga baya. Alƙalin wasa yana da kwarjini, doka doka ce, don haka in mugu ya karya ta sai ran mutane ya ɓaci da gaske. Shi kansa yakan zauna a kujerar sharhi yana bayyana wasan kamar dambe ko ƙwallo, da fuska ba wargi. Jim Ross, wanda ya fara a 1974 a matsayin direba da ɗan aiken McGuirk, ya yi alƙalanci, a hannun Watts ya zama mai sharhi, daga baya ya zama fitacciyar muryar WWF kuma shugaban sashen ɗaukar 'yan wasanta. DiBiase da Duggan da Jake Roberts da Magnum T.A. da Butch Reed duk sun bar Mid-South sun zama taurari a manyan kamfanoni. Wanda ya jure shekara guda a can, ko'ina ya je an san ya san aiki, an san kuma ba zai yi latti ba.

Akwai wani abu da masu zaginsa ba su cika ambata ba: yana jin magana in ta shafi kasuwa. A ƙarshen 1983 ciniki ya ja baya, sai ya nemi shawarar mutanen Memphis, wato Jerry Jarrett da Jerry Lawler. Suka nuna masa cewa yankinsa ya cika da ƙattai, babu samari masu zafin nama da za su jawo 'yan mata da matasa. Mutumin da ya gina sunansa a kan manyan ƙarti ya haɗiye girman kai, ya yi musayar 'yan wasa da su, ya karɓo Bill Dundee ya ba shi tsara wasanni, tare da Terry Taylor da Cornette da gungu biyu na masu wasa bibbiyu, wato Midnight Express da Rock 'n' Roll Express. A 1984, bayan ya sharara wa Cornette mari a gaban kyamara, shi da kansa ya dawo daga ritaya ya haɗa kai da Ritter suka zagaya biranen yankin suna karawa da Midnight Express, zaure bayan zaure ba masaka tsinke. Shekarar ta zama mafi albarka a tarihin kamfanin.

A cikin wannan shekara kuma aka ga iyakar tsarin. Vince McMahon, mai kamfanin WWF, ya fara fita daga yankinsa yana zawarcin taurarin kowa, yana da talabijin na ƙasa baki ɗaya da kuɗin kayan talla. Ritter ya tafi WWF a 1984 ba tare da ya cika wasannin da aka riga aka tallata da sunansa ba. Watts ya ɗauki abin cin amana, ya yi ta yi masa habaici a shirin. Ni kuwa ina ganin tsarin da bai taɓa yi wa ɗan wasa alkawarin gobe ba, ba shi da bakin neman alkawari daga gare shi. Tsoron tara da kora yana aiki ne muddin babu wata ƙofa a buɗe. A 1985 shirin Mid-South ya samu gurbi a tashar TBS ta Ted Turner, ya kuma yi farin jini sosai, amma Crockett ya sayi babban gurbin tashar daga hannun McMahon, Watts ya rasa nasa. A 1986 ya sauya sunan kamfani zuwa UWF don ya yi gogayya a ƙasa baki ɗaya, sai ga farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, daga kusan dala 30 zuwa wajen dala 10 a ganga. Faɗuwar nan ce dai ta girgiza Nijeriya a shekarar da aka shigo da shirin SAP. Oklahoma da Louisiana da Texas a kan mai suke rayuwa, ma'aikatan rijiyoyin mai da ke cika zaure suka rasa aiki. A 1987 Watts ya sayar wa Crockett da kamfanin.

Abin da ya fi bayyana mini gaskiyar al'amarin shi ne abin da ya biyo baya a 1992, lokacin da kamfanin Turner ya ɗauko shi ya shugabanci kamfaninsa na resilin, WCW. Ya zo da tsofaffin dokokinsa kamar yadda ya bar su. Jarumi da mugu kada a gan su tare, kowa ya zauna a zaure har a tashi wasan ƙarshe, ba a shigo da iyali ɗakin sauya kaya. Ya sa aka kwashe katifun da ake shimfiɗawa a gefen dandamali, mutum ya faɗo kai tsaye a kan siminti. Ya hana dirowa daga saman igiya, abin da ya karya kasuwar masu tsalle irin su Brian Pillman. Ya kuma shiga rage kuɗin kwantiragi, har 'yan'uwan nan biyu Rick da Scott Steiner suka tattara suka koma WWF. Amma yanzu 'yan wasa suna da kwantiragi a rubuce, kuɗinsu bai rataya a kan ƙofar daren ba, jama'a kuma sun riga sun san wasan tsararre ne. Wahalar tana nan, cikakken zauren da ke biyan ta babu. Ga shi kuma ya turo ɗansa Erik gaba alhali bai ƙware ba, mutumin da ya yi suna da cewa a wurinsa ba sani ba sabo. Wannan ya zubar masa da ƙima a idon yaran fiye da duk wata tara.

Ba zan ɓoye maka batun launin fata ba, don yana cikin labarin. Watts ne ya sa baƙar fata a saman jerin wasa a ƙuryar kudancin Amurka a 1980, shi ya ba Ernie Ladd tsara wasanni a lokacin da da wuya ka ga baƙar fata a wannan kujera, kuma a ƙarƙashinsa Ron Simmons, shi ma baƙar fata, ya kayar da Vader a Baltimore ranar 2 ga Agusta 1992 ya zama zakaran duniya na WCW. Shi ne kuma, a wata hira da ya yi a 1991, ya kare 'yancin mai shago ya ƙi sayar wa wanda ya ga dama saboda launinsa, da kalamai marasa daɗin ji. Hirar ta isa hannun Hank Aaron, baƙar fata gwarzon ƙwallon besbol kuma babban jami'i a ƙungiyar Atlanta Braves ta Turner, kuma a farkon 1993 Watts ya bar aikin, ko da yake shi ya ce ya riga ya yanke shawarar tafiya. Yadda nake karanta abin, ya ɗaga Ritter ne saboda ya ƙirga mutanen da ke zaune a New Orleans ya ga su wa za su sayi tikiti. Lissafin ya yi daidai, ya kuma buɗe ƙofar da wasu suka ƙi buɗewa, amma lissafi ne.

Shi Ritter, hanya ce ta ɗauke shi daga ƙarshe. A watan Yuni na 1998 ya yi hatsarin mota a Misisipi ya rasu, yana dawowa daga bikin kammala sakandaren 'yarsa, wadda shekarunta suka yi daidai da labarin makantar nan. A 2009 WWE ta sa Watts a zauren gwarazanta, kuma Jim Ross ne ya gabatar da shi.

Saboda haka in za ka ci gaba da sauraron hirarrakin, ƙanena, ka riƙa duba inda mai maganar yake a jerin wasa a lokacin da ya yi aikin. Wanda ke rufe wasa a Superdome zai ce maka makaranta ce, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda ke buɗe wasa a wani ƙaramin gari, wanda ya yi tafiya iri ɗaya, ya sha duka iri ɗaya, aka ci shi tara iri ɗaya, ba kasafai ake gayyatarsa hira ba, shi ya sa muryoyin yabo suka fi yawa a kunnenka. In kuma kana son ka ga abin da duk wannan wahala ta haifar da idonka, nemi shirin Nuwamba 1985, wanda DiBiase zai kara da Ric Flair don kambun duniya. Kafin a fara, wani ɗan wasa, Dick Murdoch, ya buga kan DiBiase da ƙarfen dandamali jini ya wanke masa fuska. DiBiase, wanda mutanen yankin suka shekara uku suna tsine wa, ya dawo da bandeji a ka ya ce sai ya yi wasan, kuma kafin awa ɗaya ta cika, zauren da ya shigo yana yi masa ihu ya koma kiran sunansa.